Takobi da Littafi: Siffar Jarumi a Ganɗoki da Rubuce-rubucen Masu Jihadi

Gabatarwa

Daga Samaru zuwa Sabon Garin Zariya tafiyar 'yan mintoci ce a mota, amma a bakin wannan gajeriyar hanya akwai gidaje biyu da ba su cika gaisawa ba. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana ajiye da tsofaffin littattafan Larabci na rubutun hannu waɗanda Shirin Binciken Tarihin Arewa ya tattaro, cikinsu har da ayyukan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. A Sabon Gari kuwa akwai barikin Chindit, mazaunin cibiyar horar da kuratan soja da aka kafa a Zariya a 1924. Barikin ya samo sunansa daga rundunar da ta yaƙi sojojin Japan a dazukan Bama a 1944, wadda bataliyoyi uku na sojan Nijeriya suka yi aiki a cikinta. Wato gida ɗaya na littafi ne, ɗaya na makami.

Wannan maƙala za ta dubi yadda adabin Hausa na boko ya raba waɗannan abubuwa biyu tun daga farkonsa, ta hanyar nazarin Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Za a auna jarumin littafin da jaruman da suka rubuta labarin yaƙinsu da hannunsu a farkon ƙarni na 19. Don a ga abin da ya keɓanta da namu, za a fara leƙa mayaƙan Japan na da, wato samurai, magabatan waɗancan sojoji da aka kara da su a Bama, domin su ma sun koyi ilimin yaƙi daga littattafan wani harshe da ba nasu ba.

Abin da samurai suka karanta

Dangantakar Japan da harshen Sin ta yi kama ƙwarai da dangantakar ƙasar Hausa da Larabci. Harshen ilimi ne da aka karɓo daga nesa, ana karanta shi a hankali, ana sa masa alamomi a gefen layi domin a juya shi zuwa harshen gida. Duk wanda ya ga littafin zaure mai fassarar ajami a tsakanin layuka ya san irin wannan aiki.

A cikin abin da Japan ta karɓo akwai littattafan dabarun yaƙi. Mafi shahara shi ne na Sun Zu, mai babi 13. Tarihin fadar Japan ya ambaci wani malami, Kibi no Makibi, wanda ya yi karatu a ƙasar Sin, kuma a shekarar 760 aka tura masa wasu sojoji domin ya koya musu tsarin yaƙi daga littattafan Sinawa. A 1080 sarkin daular Song ya sa aka haɗa littattafai bakwai na yaƙi wuri guda, suka zama manhajar jarrabawar hafsoshi a ƙasar Sin, daga baya kuma suka ƙetara teku. Ana danganta wa jarumi Takeda Shingen, wanda ya rasu a 1573, tutar yaƙi mai ɗauke da kalmomin Sun Zu. A 1606 Tokugawa Ieyasu, wanda ya haɗe Japan a ƙarƙashin ikonsa, ya sa aka buga littattafan nan bakwai.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, a zamanin da ake gwabza yaƙe-yaƙe, akasarin mayaƙa ba sa iya karanta Sinanci mai zurfi. Shugabanninsu kan ajiye malaman addinin Buddha, waɗanda da yawansu suka yi karatu a makarantar Ashikaga, kuma babban aikin waɗannan malamai shi ne duba da zaɓen ranar fita da shiyyar da za a fuskanta. Na biyu, sharhi mai zurfi a kan Sun Zu ya bunƙasa ne bayan 1615, sa'ad da yaƙe-yaƙen basasa suka ƙare. Malamai irin su Yamaga Soko, wanda ya rasu a 1685, sun yi ta koyar da dabarun yaƙi ga samurai da mafi yawansu ba su taɓa ganin fagen fama ba. Takobi ya koma kube kafin littafi ya cika hannu.

Abin da masu jihadi suka karanta

A ƙasar Hausa al'amarin ya zo a juye. Waɗanda suka ja daga a Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804 malamai ne da almajirai tun kafin su zama mayaƙa. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar, masanin nahawu ne da tafsiri. Dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba, ga Sarkin Gobir Yunfa da barade masu lifidi, amma 'yan baka suka tsaya suka karya su. Bayan 'yan watanni, a Tsuntsuwa, jama'ar ta yi asarar mutum wajen 2,000, aka kuma ce 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Runduna ce da idan aka yi mata ɓarna, zaurukan karatu ne ke yin makoki.

Littafin yaƙinsu ma ba a jira zaman lafiya aka rubuta shi ba. Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra a 1806, shekara biyu kafin faɗuwar Alƙalawa, lokacin da ba wanda ya san inda rana za ta faɗi. Littafin yana da fasali 63. Wanda ya buɗe shi yana neman dabarun cin gari zai sami wani abu, domin Shehu ya taɓo hanyoyin faɗa da yaudarar yaƙi. Malaman jihadi sun kuma san Sirajul Muluk na Ɗurɗushi, malamin Andalus da ya rasu a 1126, wanda ya bayyana yadda ake jera dakaru masu garkuwa da mashi a gaba, 'yan baka a bayansu, mahaya a ƙarshe. Tun kafin su, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan taka-tsantsan a gida da a tafiya. Amma kaso mafi girma na littafin Shehu amsa ce ga wasu tambayoyi dabam. Wane ne ya halatta a yaƙa? Wa aka ɗauke wa fita? Wa aka hana kashewa? Yaya ake ba da amana, yaya ake ƙulla sulhu? Yaya ake raba ganima, ina ake kai humusi? Har hukuncin kaɗa ganga da sa alharini da riƙe tuta a fagen fama ya kawo.

Waɗannan tambayoyi daga babin jihadi na fiƙihun Malikiyya suka fito, daga Risala ta Ibnu Abi Zaidi da Muhtasar na Halil, littattafan da har gobe ake bi a zaurukan birnin Zariya. A can ne ɗalibi ke koyon cewa mahayi yana da kaso uku, biyu na dokinsa ɗaya nasa, mai tafiya a ƙasa kuma kaso ɗaya, cewa ba a kashe mata da yara, kuma ɓoye wani abu daga ganima kafin rabo haramun ne. Sun Zu ma ya yi gargaɗi a kan tsawaita yaƙi, amma hujjarsa ita ce yaƙi mai tsawo yana talauta ƙasa. Damuwar littafinsa ita ce nasara. Damuwar littafin Shehu ita ce hisabi: me mayaƙi zai ce wa Ubangijinsa a kan jinin da ya zubar da dukiyar da ya ɗauka.

Wannan ya sa labarin yaƙin da suka bari ya zo da wata siffa ta musamman. A cikin Infaƙul Maisur, wanda Bello ya kammala a 1812, mai nasara ya kwafe wasiƙun Shehu Muhammadu Al-Amin Alkanemi na Barno, waɗanda ke tuhumar halaccin yaƙin da kansa, sa'an nan ya zauna yana ba da amsa hujja bayan hujja. Mutum na iya ganin amsar ta gamsar, wani ya ga ba ta gamsar ba. Abin lura shi ne, shugaban yaƙi ya yarda cewa takobinsa na bukatar dalili, ya kuma bar wa na baya maganar abokin hamayyarsa. Abdullahi ya ma wuce nan. Wajen 1807 ya bar rundunar da nufin tafiya gabas, saboda ɓacin rai da yadda ya ga son mulki da tara dukiya sun shiga zukatan jama'a. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, daga baya ya koma. Ya ba da labarin wannan baƙin ciki a Tazyinul Waraƙat. Ga jarumin da ya ci Tafkin Kwatto yana tuhumar nasarar da ya taimaka aka samu.

Jarumin Bello Kagara

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa, Malam Bello Kagara, wanda aka buga a 1934. Shi ne littafin yaƙi na farko a ƙagaggun labaran Hausa na boko, kuma ɗalibai masu yawa sun fara sanin siffar jarumi ne daga gare shi.

Dole a ba littafin haƙƙinsa. Kashinsa na farko ya tsaya a kan tarihi na gaske: yaƙe-yaƙen gidan Nagwamatse na Kwantagora da zuwan Turawa. Marubucin ɗan yankin ne, yana yaro sa'ad da Kwantagora ta faɗi a 1901, don haka ya san ƙurar da yake bayani. Hausarsa tana gudu kamar doki a sukuwa. Ya shigo da kirari cikin zube ta yadda mai karatu zai ji kamar a dandali yake, ga maroƙi ga ganga. Ba ƙaramar bajinta ba ce kuma a buga, a ofishin gwamnatin mulkin mallaka, labarin mutumin da yake alfahari da ya yaƙi Turawa.

Amma wane irin jarumi ne Ganɗoki? Ƙarfi ne da zuciya da kirari. Yana ambaton Allah, yana musuluntar da waɗanda ya rinjaya, amma abin da ke tafiyar da labarin shi ne sara da suka da yawan waɗanda suka faɗi. Da tarihi ya ƙi ba shi nasara, sai marubucin ya ɗauke shi tare da ɗansa Garba Gagare zuwa gabas, zuwa ƙasashen aljanu da dodanni, inda ba bindiga mai ruwa, inda takobi ke da sauran daraja. Da ya komo gida ya tarar mulkin Turawa ya zauna, sai ya saduda da sabon zamani. A duk wannan doguwar tafiya, tambayoyin da suka hana Abdullahi barci ba su ne ke damun Ganɗoki ba. Wanda aka kai wa hari ba shi da murya irin wadda Bello ya bai wa Alkanemi. Ganima lada ce ta namiji, ba amana ce mai ƙa'idar rabo ba.

Abin da ya sa wannan giɓi ya zama abin tambaya shi ne, marubucin ya fi kowa sanin abin da ya bari. Ɗan alƙali ne, ya koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, daga baya ya riƙe alƙalanci har ya zama Walin Katsina. Babin jihadi na Muhtasar ba baƙonsa ba ne. Ana iya kawo dalilai biyu. Na ɗaya, masu gasar labari mai daɗi suke nema domin 'yan makaranta, sun kuma so a nisanci wa'azi. Na biyu, a 1934 shekara 31 kacal ke nan da yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a tafarkin hijira. Jarumin da zai zauna yana tattauna hukuncin hijira da hukuncin zama a ƙarƙashin Nasara ya fi mai yaƙar aljanu haɗari a idon gwamnati. Jarumi marar littafi ana iya yaba masa, a yi dariya, a rufe shafi. Mai hujja kuwa, hujjarsa tana iya bin mai karatu har gida.

Uzurin da za a yi wa littafin

Mai kare Bello Kagara zai ce, ai Ganɗoki ba ɗan zamanin Shehu ba ne, ɗan ƙarshen ƙarni ne, kuma a lokacin yaƙi ya riga ya sauya kama. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma tarihin Zazzau shaida ne. Malam Musa, almajirin Shehu, ya shigo Zariya da tuta wajen 1808, Sarki Makau ya yi kudu, inda ƙanensa Abu Ja ya kafa garin da a yau ake kira Suleja. Amma cikin shekarun da suka biyo baya, yaƙin Zazzau ya fi karkata ga hare-hare a kan al'ummomin kudancin ƙasar domin bayi da gandu, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a littafinsa na 1960 a kan mulkin Zazzau. Joseph Smaldone kuma, a nazarinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya bi yadda rundunar malamai 'yan baka ta rikiɗe ta zama ta barade masu sarauta, daga baya ta bayin sarki 'yan bindiga. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ubangidan Ganɗoki, bayan an kore shi daga Kwantagora, ƙasar Zazzau ya faɗa wa da hari, ƙasar Musulmi 'yan'uwansa, har Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi agajin Turawa. Ta wannan ƙofa suka zauna a Zariya a 1902, kafin shekarar ta ƙare kuma suka kama Kwasau ɗin da kansa.

Saboda haka ana iya cewa Ganɗoki hoton gaskiya ne na barden da littafi ya riga ya suɓuce masa. Wannan ya kuma hana mu yin alfahari fiye da kima da rubuce-rubucen masu jihadi. Kamar yadda ajiye Sun Zu a gidan samurai bai nuna an yi aiki da shi a fagen fama ba, haka kasancewar Bayanu Wujubil Hijra a gafakar malamin fada bai kare ƙauyen da aka kai wa farmaki da asuba ba. Fiƙihun da kansa ya halatta bautar da wanda aka kama a yaƙin da ya cika sharuɗɗa, kuma wanda ke bukatar bayi ba ya rasa mai sassauta masa sharaɗi.

Duk da haka uzurin bai wanke littafin gaba ɗaya ba. Nuna barde yadda yake abu ne mai kyau, amma Ganɗoki bai tsaya ga nunawa ba, ya yi masa kirari. Ba wata murya a labarin da ta yi nauyin da za ta ja masa linzami. Rikicin da ke tsakanin Ibrahim da Kwasau, da tambayar da ta raba kan manyan Sakkwato a 1903, ko a yi yaƙi, ko a yi hijira, ko a zauna a kare talakawa kamar yadda Waziri Buhari ya zaɓa, sun isa su ba da labari mai zurfi ƙwarai. Marubucin ya bi ta gefensu ya nufi ƙasar aljanu. Littafin ya sami armashi, ya rasa nauyi.

Abin da ya rage mana

Wannan ba gardamar malaman adabi kaɗai ba ce. Zanen da Ganɗoki ya yi ya yaɗu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi sawunsa, haka littattafan yaƙi masu yawa da ake sayarwa a kasuwa ake kuma karantawa a rediyo, inda ake auna sadauki da yawan kawunan da ya sare da ƙarfin sihirin da ke kare shi. Yaro ya tashi da sanin cewa jarumi shi ne wanda ba a tambayarsa dalili. A zamanin da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, wasu kuma suke ɗaukar makami da sunan addini ba tare da sun bi babi ɗaya na fiƙihu a gaban malami ba, bai kamata a raina tasirin irin wannan hoto ba. Labari ba ya ƙera bindiga, amma yana koya wa mutum wanda zai yi sha'awar zama.

Japanawa sun mayar da mayaƙinsu mai karatu babban jigo a adabinsu da fina-finansu, har duniya ta san shi, ko da yake karatun nasa ya fi yawa a zamanin da ba a yaƙi. Namu mayaƙin ya yi rubutu ana tsakiyar yaƙi, ya yi gardama da abokin gaba a takarda, ya zargi rundunarsa, amma ƙagaggen labarinmu bai ba shi gurbin da ya dace da shi ba. Kayan aikin kuwa ba su ɓace ba. An fassara Infaƙul Maisur zuwa Hausa, Waziri Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani, ainihin littattafan kuma suna nan a Samaru.

Kammalawa

Ganɗoki zai ci gaba da zama a manhaja, kuma ya cancanta, saboda Hausarsa da matsayinsa a tarihin zube. Abin da wannan maƙala ke nema shi ne a daina karanta shi shi kaɗai. Malamin da ya koyar da shi ya ajiye labarin tafiyar Abdullahi zuwa Kano a gefensa, ya bar ɗalibai su auna mutanen biyu. Marubucin da ke son rubuta labarin yaƙi ya gwada jarumin da ke da abin tsoro fiye da mutuwa, wato ya ci nasara a kan zalunci. Masu horar da matasan da za su riƙe makami a Sabon Gari su ma suna da abin ɗauka, domin dokokin kare farar hula da fursuna da ake koyarwa a yau suna da 'yan'uwa a littafin da aka rubuta a ƙasar nan a 1806, kuma kurtun da ya ji haka daga tarihin gidansu zai fi riƙe shi da muhimmanci.